Faifan Roba da Sandar Makiyayi

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana. Shi ne ya bar ni da rai har na ga abin da na gani, Shi kuma ya san abin da na manta a ciki.

A shekarun da daji ya fi ƙarfinmu a Birnin Gwari, na bar gonata da ke kan hanyar Gayam. Na bar ta ne ranar da muka je ɗaukar gawar maƙwabcina na gona. Mun same shi kwance tsakanin kunyoyin dawarsa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar akuyarsa, an yanka shi, fartanyarsa na nan kafe a inda ya tsaya da aiki. Muka naɗe shi a tabarma muka ɗora a babur. Tun daga ranar ban ƙara taka wannan hanya ba. Na koma zaurena, ina juyar littattafai da ajami ga masu so, da safe kuma dattawa biyu uku su zo mu yi karatu.

Samarin unguwarmu su ma gona ta gagare su. Wasu suka shiga sa-kai, suna yawo da bindigogin gargajiya da adduna, ido jajir. Wasu suna zaune a bakin kwata daga safe har yamma. Ƙwallo ma an daina bugawa, don wasan ƙarshe da aka yi sai da aka fasa wa alƙalin wasa baki da dutse, aka bi shi har cikin gidan mutane.

A wannan hali ɗan ƙanwata ya dawo daga karatu a Zariya. Ya shigo zaure ya gaishe ni, ya zaro wani farin faifan roba daga jaka ya ajiye a gabana.

"Kawu, wasa na kawo mana."

"Wannan ai marfin bokiti ne."

"Marfin bokiti ba ya tashi, Kawu. Ka ara mini fakon da ke bayan gidanka ka gani."

Fakon nan gado ne, ƙasa ce mai tauri wadda ko ciyawa sai ta yi da gaske take fitowa, da wata tsohuwar ɗorawa a gefe. Na ce ya je. Da la'asar na ɗauki buzuna na bi shi don in ga abin da zai hana shi zama. Ya zana layuka da toka, ya keɓe gida ɗaya a kowane ƙarshen fili, ya tara samarin bakin kwata ya yi musu bayani. Mutum bakwai-bakwai ne. Wanda faifai ke hannunsa ba ya gudu da shi, sai ya tsaya ya jefa wa ɗan'uwansa. In aka cafe a cikin gidan abokan hamayya, an ci ke nan. In ya faɗi ƙasa, ya zama na ɗaya ɓangaren. Ba a ture mutum, ba a riƙe masa riga, ba a taɓa shi ma.

Wani ya ce, "To wa zai busa usur?"

"Babu usur. Babu alƙali."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Ya bari muka gama, sannan ya ce wanda aka yi wa laifi shi ne kaɗai zai buɗe baki ya ce, laifi. Wasa ya tsaya. Wanda ya yi laifin ya ce na yarda, ko ya ce ban yarda ba. In ya yarda, faifai ya zama na wanda aka zalunta. In bai yarda ba, a mai da faifai inda ya fito a sake. Ɗan kallo ba shi da baki a ciki, abokin wasa ma ba shi da baki.

Na ce masa, "A garin nan? Kafin magariba za mu kai wani asibiti."

Ba mu kai kowa ba. Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Yaron da zai zagi uwar alƙali, in ka ce masa kai ne alƙalin kanka sai ya rasa wanda zai zaga. Sun yi musu, sun yi rantse-rantse, amma kunya ta riƙa kama mai ƙarya, don kowa na kallonsa kuma babu wanda zai ɗora wa.

Da damina ta yi nisa ɗan ƙanwata ya sami aiki a Kaduna. Ya bar mini faya-fayen da yake da su, ya ce, "Kawu, kai za ka riƙe su." Na ce ni da gemu fari? Ya ce ai ba gudu zan yi ba, koyarwa ce, kuma koyarwa aikina ne tun kafin a haife shi. Haka na zama malamin faifai. Gudu ya wuce ni, amma wuyan hannun da ya saba da alƙalami bai sha wuyar koyon jifa ba. Duk sabon da ya zo, nakan ja shi gindin ɗorawa. Jifa na farko in ce masa ya yi kamar zai watsa wa kaji tsaba. Na biyu, wanda ya fi ba su wuya, in ce ya yi kamar ya gama alwala yana yarfe ruwa daga yatsu biyu. Mai ƙarfi shi ya fi shan kunya, don faifai ba ya son ƙarfi. In ka murɗe shi da fushi sai ya kife ya gangara cikin kwari, yara su yi ta ihu.

Muka yi yawa. Teloli suka zo, 'yan acaɓa suka zo, wasu samari da rikici ya koro daga ƙauyukan Kuyello suka zo. 'Yan sa-kai ma suka fara leƙowa. Su na kafa musu sharaɗi ɗaya, duk abin da ke yanka ko ya yi ƙara a jingine shi a jikin ɗorawa kafin a taka toka. Wata rana sai ka ga gindin bishiyar kamar rumfar maƙeri.

Cikin 'yan sa-kan nan akwai wani mahauci, ƙato, mai wuya kamar turmi, mai yawan dariya a lokacin. Shi ya fi kowa wahalar da ni wajen koyo, shi kuma ya fi kowa naci. Da ya iya, sai ya zama in ya tsaya a gabanka yana tsare ka, ba ka ganin fili sai ƙirjinsa.

Akwai kuma wani makiyayi, Bafillacen wata ruga da ke ƙetaren rafi, wadda ta fi shekarun mahaifina a wurin. Siriri ne, dogo, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Da yamma yakan kawo 'yan shanun da suka rage musu su yi kiwo a gefen fakon, don nesa da gari ba ta kiwuwa. Yakan tsaya da ƙafa ɗaya, sanda a kafaɗa, yana kallonmu. Wata rana iska ta kwashe faifai ta nufi wajen shanunsa. Kafin kowa ya motsa ya riga ya taka zuwa inda zai sauka, ya miƙa hannu ɗaya ya karɓe shi kamar an ajiye masa. Na kira shi.

"Ɗan Fulani, zo ka gwada."

"Baffa, ni ban san wasan Haɓe ba."

"Wannan ba na Haɓe ba ne, mu ma baƙo ne a wurinmu."

Ya jingine sandarsa a tsakanin bindigogi ya shigo. Ban taɓa koyar da wanda ya san iska kamarsa ba. Sauran suna bin faifai da gudu, shi kuwa inda faifan zai je yake tafiya ya jira.

Shi da mahaucin suka zama abokan tsokana, shi yana ce masa Barunje, wato mahauci, mahaucin yana ce masa Agwai, sunan da ake tsokanar Fulani da shi. In makiyayin ya tashi sama ya cafe a kansa, sai ya ce, "Barunje, kitse ya hana ka tsalle." Mahaucin ya ce, "Yi ta tsalle, Agwai. Duk saniyar da ka yi wa wahala ƙarshenta kan teburina." Shi kuma ya ce, "Ka fara biyan jelar wadda ka ci bara." A yi dariya a koma wasa. Na sha ganin mahaucin ya ƙunsa masa balangu ya ce ya kai wa inna.

Da kaka ta shigo, yayan mahaucin ya ɗauki motar haya ya tafi kwaso masara daga wajen Kazage, shi da ma'aikata. Da rana tsaka 'yan bindigar daji suka tare su. Waɗanda suka gudu cikin daji an bi su da babura an harbe. Shi an fito da shi daga mota, aka sare shi a kafaɗa da wuya, aka cinna wa motar wuta da masarar a ciki. Ni na yi masa wanka, ƙanen nasa yana zuba mini ruwa. Hannun dama sai da muka haɗa shi da jiki da ƙyalle kafin a sa likkafani. Mahaucin bai yi kuka ba. Yana riƙe da buta yana kallon saran, kallon mutumin da ya san wuƙa, ya san irin ƙarfin da aka sa.

Bayan an share makoki ya dawo fili. Na yi murna, na ɗauka wasan zai ɗauke masa hankali. Da aka raba mutane ya ce shi zai tsare makiyayin. Faifai na farko da aka jefo, makiyayin ya tashi sama, mahaucin ya sa masa gwiwar hannu a baki. Muka ji ƙarar haƙori. Ya faɗi, ya tashi, ya tofar da jini, kowa ya tsaya yana jiran ya ce laifi. Sai ya yi murmushi, ya koma wurinsa.

Washegari aka ture shi ya daki tushen ɗorawa da haƙarƙari. Ya tashi ya yi murmushi. Wata ranar aka taka masa agara da takalmin sa-kai mai ƙarfe a baki. Ya ɗingisa, ya yi murmushi. Ran nan na kasa haƙuri na miƙe na ce, "Wannan laifi ne!"

Mahaucin ya juyo. "Baba Malam, kai aka taka?"

"Idona ya gani."

"Kai ka koya mana babu alƙali. Wanda aka taka ga shi nan, yana da baki. Agwai, na yi maka wani abu?"

Makiyayin ya ce, "Ban ji komai ba."

Abokan mahaucin suka yi shewa. Na zauna.

Na bi mahaucin har rumfarsa a kasuwa, na same shi yana fiɗa. Na yi masa nasiha da abin da Allah ya hore mini, na ce mutumin nan bai kashe yayanka ba, ranar yana nan tare da mu a fako, kai ma ka gan shi. Bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ya gaya musu motar za ta bi ta nan? Aljanu? Duk yarensu ɗaya, Baba Malam. Ni dai wasa nake yi. In na yi masa laifi ya faɗa."

Sai na ƙetare rafi da hantsi na je rugar. Bukkoki ne 'yan kaɗan, da shingen ƙaya wanda a da yake cika da shanu. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai rauni a ido, ta kawo mini nono a ƙwarya ta koma. Shi yana zaune yana gasa haƙarƙarinsa da tsumma mai ɗumi. Da ya gan ni ya yi sauri ya saki riga a kai.

Na ce, "Kalma ɗaya ce. Ka ce laifi, wasa ya tsaya, a gaban kowa ya amsa. Me ya hana ka?"

Ya juya mini baya ya ɗaga rigar. Tabo ne a jere, manya, sun warke sun yi tudu.

"Baffa, ka taɓa ganin shaɗi?"

Na ce na gani ina yaro, a bakin kasuwa, saurayi ya tsaya ya ɗaga hannu ana tsula masa tsumagiya yana kallon madubi.

"Na tsaya a gaban mutanen ruga biyar. Ban ƙifta ido ba. Yanzu in tsaya a gaban Haɓe in ce wani barunje ya ji mini ciwo? Da wane baki zan yi wa 'ya'yana magana?"

"To ka yafe masa ke nan?"

Ya dube ni kamar na yi maganar yara. "Baffa, a shaɗi wanda ya sha duka bai yafe ba. Jira yake. Ranar tasa na zuwa, ɗayan ya tsaya shi ma ya sha. Ina sane da kowane bugu da ya yi mini."

Nan na gane. Ashe duk murmushin nan da samari suka ɗauka tsoro ne, ni kuma na ɗauka haƙuri ne, ajiya ce yake yi. Na kuma san abin da zai biyo baya. A wancan lokaci, in Bafillace ya ɗaga hannu ya daki ɗan sa-kai a cikin gari, ba zai kai magariba da rai ba, rugarsu ma ba za ta kwana ba.

Na ce masa to ya daina zuwa. Ya ce, "In na daina zuwa, gobe za a ce na shiga daji. Jibi a ce ni ne infoma. Mutanen daji sun kore mana shanu, sun harbe ƙanena a bakin shingen nan da ya bi su yana roƙo. Sun ce mun zama bayin Haɓe. Ku kuma kun ce mu nasu ne. Filin nan ne kaɗai ake ganina kullum a san inda nake." Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ni ma ban tattara faya-fayen na rufe wasan ba, ko da yake na yi tunanin haka a kan hanyata ta komawa. Na roƙe shi don Allah, don tsohuwar nan, ya faɗi kalmar. Ya raka ni har rafi yana yi mini godiya, bai ce zai faɗa ba.

Ranar da abin ya faru, an yi la'asar an taru da yawa, har da 'yan sa-kan wata unguwa da suka biyo kallo. Su ma na sa suka jingine makamansu. Na yi ƙoƙarin haɗa mutanen biyu a ɓangare ɗaya, mahaucin ya ce ko kusa. Wasa ya yi zafi. Wani tela ya yi dogon jifa zuwa cikin gida, makiyayin ya bi, ya miƙe a iska ya cafe ya faɗi rubda ciki, hannunsa na dama a shimfiɗe da faifai a ciki. An riga an ci, wasa ya tsaya. Mahaucin ya iso da gudunsa, bai rage ba, ya ɗaga ƙafa ya sauke dunduniyar takalmin nan a bayan hannun. Na ji ƙarar daga inda nake zaune, kamar an karya kara. Faifan ma ya tsage.

Makiyayin ya tashi a hankali. Yatsunsa biyu sun juya inda yatsa ba ya juyawa, ƙashi ya leƙo ta fata. Ya dube su, ya yi murmushin nan. Ya tako zuwa gindin ɗorawa ba gaggawa. Na ɗauka wurina zai zo, har na miƙe ina cewa a kawo ruwa. Ya wuce ni, ya sa hannun hagu tsakanin bindigogi ya zaro sandarsa.

Na kira shi. Bai waiwayo ba. Mahaucin yana tsaye yana dariya da abokansa, ya juyo ke nan sandar ta sauka a tsakiyar kansa. Wanda ya saba juya bijimi da sanda ya san inda ake bugu. Ta biyu ta same shi a kafaɗa, ta uku a gwiwa. Ƙaton nan ya zube, jini ya rufe masa fuska. Makiyayin ya yar da sandar, ya tsaya ya ɗaga hannuwansa sama, ƙirji a buɗe, kamar yadda ake tsayawa a shaɗi.

Suka rufe shi. Ban iya cewa su nawa ba ne. Duka da ƙafa, da dutse, da gindin bindiga. Wani ya kama karyayyen hannun ya murɗa. Na ji ana cewa a kawo taya, wani ɗan acaɓa ya ruga wajen babur ɗinsa zai zuƙo fetur. Wasu daga cikin waɗanda na koya wa jifa da hannuna suna cikin masu dukan, wasu sun tsaya sun ɗora hannu a ka. Na kutsa, ban san da wane ƙarfi ba, na faɗa a kansa na rufe shi da jikina ina salati. Gindin bindiga ya same ni a kafaɗa, har yau in hadari ya haɗu nakan ji wurin. Rawanina ya warware. Wani yana jan ƙafata yana cewa, "Tashi, tsoho, ko mu haɗa da kai!" Na ji bakin bindiga mai sanyi ya wuce ta gefen kunnena yana neman kan mutumin.

"Kai! Ku dakata!"

Mahaucin ne. Ya zauna a ƙasa, yana share jini daga ido da tafin hannu, jinin na sake zubowa.

"Wa aka fasa wa kai, ni ko ku?"

Wani daga baƙin 'yan sa-kan ya ce, "Ai shi ya sa za mu gama da shi."

"Na aike ka? Uban wa ya sa bakinka? A filin nan wanda aka buga shi ke magana. Ɗauke bindigar nan."

Ban san abin da ya sa ya faɗi haka ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Wataƙila bai so wani ya riga shi ba ne. Wataƙila abin da jiki ya saba yi kullum da yamma shi ya fito da kansa. Allah ne masani. Amma 'yan unguwarmu, da suka ji maganar da suka sani, sai suka fara ja da baya, suka shiga tsakaninmu da baƙin. Na ɗaga jikina.

Mahaucin ya dafa wani ya miƙe da ƙafa ɗaya. Ya nuna kansa, ya ce da ƙarfi, "Laifi."

Makiyayin yana kwance, ido ɗaya ya rufe, baki duk ƙasa da jini. Na sunkuya na ce masa a kunne, "Ka amsa. Ka tuna tsohuwa, ka tuna yaran nan." Ya ja numfashi. Sannan ya ce, "Na yarda."

Na ɗauka an gama. Sai ya yunƙura ya zauna, ya tallafo hannun daman da na hagu ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Wannan mutum da aka yi wa dukan kisa bai yi ko tari ba, yanzu hawaye ne ke zubo masa don abin da zai faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifi. Ka ji mini ciwo, Barunje. Da wannan, da na baki, da na haƙarƙari, da na ƙafa."

Kowa ya juya ga mahaucin. Ya dubi hannun, ya dubi mutumin, ya tofar da jini.

"Ban yarda ba," in ji shi. "Yayana na cikin ƙasa. Ban yarda ba." Ya juya ga jama'a. "Kowa ya ji. Ya faɗi nasa, na faɗi nawa, magana ta ƙare a nan. Ba mai taɓa shi yau." Sannan ya sake duban makiyayin. "Amma wajen tokar nan ba ni da doka, Agwai. Kada in ƙara ganin ka, ko a kasuwa, ko a rafi."

Telan da ya yi jifan da wani ɗan Kuyello suka taimake ni muka ɗauke shi zuwa zaurena. Na rufe ƙofa na zauna a bakinta da casbaha. Baƙin suka yi ta zagaye suna zage-zage, 'yan unguwa suka zauna a dakalina suna gadi, har baƙin suka gaji suka tafi. Na aika aka kira mai ɗori. Da ya ja yatsun don ya mai da su, makiyayin ya yi ƙara har maƙwabta suka ji. Bai ƙara ɓoyewa ba.

Da gari ya waye na raka shi ruga. Labari ya riga mu, mata sun gama ɗaure ƙore da tabarmi a kan jaki. An ɗora tsohuwar a kan wani tsohon bijimi, yara suna riƙe da 'yan maruƙa. Suka ce kudu za su yi, wajen dangin matarsa, ta hanyar da ba ta ratsa tsakiyar daji. Na bi su har inda gonakin gari suka ƙare. A nan ya tsaya, hannu a rataye da ƙyalle.

"Baffa, koma. Gaba ba taka ba ce."

Na yi musu addu'a, ya shafa da hannu ɗaya. Tsohuwar ta yi mini magana da Fulatanci, ya ce cewa ta yi kabarin mijinta da na ɗanta suna bayan shinge, in na sami hali in riƙa leƙawa. Na ce in sha Allah. Bayan 'yan kwanaki aka cinna wa bukkokin wuta, babu kowa a ciki. Hayaƙin muna ganinsa daga fako.

Wasa ya mutu na wani lokaci, sannan ya farfaɗo da sababbin fuskoki, har yau ana yi. Mahaucin bai ƙara taka fakon ba. Mukan gaisa a masallaci, tabon na nan ya raba masa gashi biyu.

Na shafe watanni ban san ko sun fita da rai ba, don a hanyar da suka bi an yi ta ɗaukar mutane a wannan rani. Duk direban da ya zo daga kudu sai na tambaye shi. Sai bayan damina ta sake zagayowa wani dillalin shanu ya yi sallama a zaurena, ya ce ya haɗu da wani dogon Bafillace a wata kasuwar kara mai nisa, wanda da ya ji daga inda ya fito ya riƙe masa riga ya ce ya kawo mini gaisuwa. Ya ce yatsun makiyayin biyu sun ƙage ba sa lanƙwasuwa, da hagu yake riƙe igiya. Yaran suna lafiya. Tsohuwar ta kai can da ranta, ta yi azumi tare da su, sannan Allah ya karɓi abinsa a kan shimfiɗarta.

Na tambayi dillalin ko ya ambaci wani a garin nan ban da ni. Ya ce a'a. Na sa aka kawo masa fura, na yi wa Allah godiya, muka yi wa tsohuwar addu'a tare.